Kaza ko zabuwa: wacce ta dace da gidanka?

Mai son fara ɗan kiwon tsuntsaye a gida, wanda ba shi da kuɗin sayen buhunan abincin kamfani kuma ba ya son kiwon ya jefa shi bashi, yawanci tsakanin abu biyu yake tsayawa: kajin Hausa ko zabbi. Dukansu suna fita su nemi mafi yawan abincinsu da kansu, dukansu sun saba da zafin ƙasar nan, kuma dukansu ana iya kamawa a kai kasuwa ranar da buƙata ta taso. Amma duk wanda ya taɓa riƙe su ya san ba halinsu ɗaya ba, ba lokacin amfaninsu ɗaya ba, hatta lokacin da suke mutuwa ma ya sha bamban. A ganina gida ne ke yin wannan zaɓi, ba sha'awar mai gida ba. Kuma ko a gidan da ya dace da zabbi, kaza ya kamata ta riga shiga.

Fili shi ne abu na farko. Kaza 'yar tsakar gida ce. Tana yini tsakanin gindin turmi, bakin rariya da juji, in rana ta yi zafi ta fake ƙarƙashin rumbu, da magariba ta kawo kanta akurki ba sai an kora ta ba. Ko a gidan cikin birni mai ɗan tsakar gida ana iya riƙe biyar ko shida, muddin za a jure sharar kashinsu. Zabuwa kuwa har yau da sauran daji a jininta. Ita da zabbin dajin da ake gani garke-garke a Yankari jinsi ɗaya ne. Da asuba take saukowa daga bishiya ta nausa gonaki, ta yi nisan da kaza ba za ta taɓa yi ba, katanga ba ta tare ta, kuma in ba tun tana ƙarama aka saba mata da ɗaki ba, a kan reshe za ta riƙa kwana. Sannan ga kuka. Garken zabbi goma in suka ga baƙon abu, ko da leda ce iska ta ɗauko, unguwa duka sai ta ji. A ƙauye ko a gefen gari, inda gida ke kallon gona, wannan ba komai ba ne, har ma amfani ne. A unguwannin Kano irin Fagge ko Kurna, inda katangarka ita ce katangar maƙwabcinka, rigima ce kake saye da kuɗinka. Wanda gidansa ba shi da fili a baya, ko aƙalla kangon da ba a gina ba da 'yan bishiyoyi, ya cire zabbi daga lissafi. Ana iya kulle su a keji, gaskiya ne, amma daga ranar da ka kulle zabuwa ka ɗauki nauyin duk abincinta, kuma arhar kiwon ta tafi ke nan.

Wajen ƙwai, zabuwa ta yi wa kazar Hausa nisa, sai dai da sharaɗi. Kazarmu takan yi ƙwai 10 zuwa 14 a zubi ɗaya, ta kwanta kansu kwana 21, sannan ta shafe wata biyu ko fiye tana yawo da 'yan tsaki kafin ta koma wa zakara. A shekara zubi uku ke nan, in ta yi ƙoƙari huɗu, jimilla ƙwai 30 zuwa 56. Zabuwar da ke samun abinci, kuma ana kwashe mata ƙwai kada ta kwanta, tana iya yin 50 zuwa 100 a damina ɗaya. Sharaɗin shi ne damina. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, ƙwari sun fito, sannan take farawa, kuma da kaka ta shigo sai ta ɗauke. A wajen Kaduna da Zariya, inda ruwa ke sauka da wuri, ana fara ganin ƙwan zabbi tun Afrilu ko Mayu. A Sakkwato, Daura da Maraɗi sai an ɗan jinkirta. Daga nan har wata damina, ciyar da ita kawai kake yi. Kaza ba ta da yawan ƙwai amma ba ta da wata takamaiman kaka, ko da yake zafin bazara na rage mata, kuma ƙwan da ta kwanta a Maris da Afrilu ya fi yawan baragurbi.

Ƙwan zabuwa yana da wata daraja da ba a cika lissafa ta ba. Ɓawonsa na da kauri ƙwarai, ba ya saurin fashewa, kuma ya fi na kaza jure ajiya a gidan da babu firji. Shi ya sa yake iya tafiya daga ƙauye a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, a bayan babur, ya iso tasha lafiya a dafa a sayar. Amma samunsa aiki ne. Kaza tana yi a kwandon da ka ajiye mata a lungu, ta fito tana kyarkyara kowa ya sani. Zabuwa sai ta shiga cikin dawa ko ƙarƙashin sabara ta yi gurbi, sau da yawa uku ko huɗu su haɗu a gurbi ɗaya, kuma sai an sa yaro ya bi sawunsu da hantsi kafin a gano. In an gano ba a kwashewa duka, ana barin biyu ko uku, in ba haka ba ta sauya wuri. Tsofaffi kan ce a ɗebi ƙwan da ludayi don kada ta ji warin hannu. Ko mene ne gaskiyar batun warin, ina goyon bayan ludayin saboda wani dalili: zura hannu cikin duhun ciyawar damina hanya ce ta gamuwa da kububuwa, kuma asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba ya rabuwa da marasa lafiya a wannan lokaci na shekara. A ba yaro sanda da takalmi mai rufi kafin a aike shi neman gurbi.

Inda kaza ta zama dole shi ne kwanci. Ƙwan zabuwa kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka. Zabuwa tana iya kwanciya, amma a daji take yi, inda kare, tunku ko guza ke iya cinye ta da ƙwan gaba ɗaya. In ma ta ƙyanƙyashe, da sassafe za ta ja 'ya'yan cikin raɓa, tana tafiyarta ta manya ba waiwaye, kafin mako ya zagayo ka ga saura biyu ko uku. Wannan ne ya sa tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwan zabbi. Kaza mai matsakaicin jiki tana rufe 12 zuwa 15. Kada a yi kwaɗayi a tula mata 20, na gefe za su yi sanyi, kuma tun da juya su take yi, duka za su ɗanɗani sanyin. Agwagwa da talotalo suna rufe fiye da haka, sai dai agwagwa ba ta dace da renon su ba, don ruwa za ta nufa da su. Akwai dabara mai kyau: bayan mako ɗaya da sa ƙwan zabbin, a ƙara ƙwan kaza biyu ko uku. Za su fashe lokaci guda, 'yan tsakin kazar su koya wa na zabbin tsattsage da shan ruwa, uwar kuma ta fi natsuwa da renon. Zabbin da kaza ta rena sun fi sabo da gida, sun fi yarda su kwana a ɗaki. Saboda haka mai kaji kaɗai kiwonsa na iya ci gaba da kansa shekara da shekaru, mai zabbi kaɗai kuwa kullum yana neman aron kaza ko injin ƙyanƙyasa, shi kuma injin yana son wutar da ba ta ɗaukewa, ko sola, ko kananzir da mai tsaro dare da rana.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan kwatanci, wato lokacin asara. Kaji hunturu ke kashe su. Zabbi damina ke kashe 'ya'yansu.

Kowa ya san shekarar da aka wayi gari kajin unguwa suna zubewa. Kaza ta tsaya ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa bargo, tana zawo kore, tana buɗe baki da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ke nan, kuma ta fi tsanani daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin sanyi da ƙura, lokacin da kuma kasuwannin kaji suka fi cika. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya ɗauke takwas ko tara cikin goma a 'yan kwanaki. Ba ta da magani in ta kama. Barkono a ruwa, sassaƙen maɗaci, gauta, kafso mai ja da rawaya da ake fasawa a zuba musu, duk an gwada, kuma kazar da ta tashi bayan an ba ta, da ma mai tashi ce. Abin da ke aiki rigakafi ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta, har da nau'in da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi kuma aka yi shi domin kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga babba da ƙarami, a maimaita duk bayan wata huɗu. Mafi muhimmanci shi ne na watan Oktoba, kafin iska ta juya, domin garkuwar na ɗaukar kamar mako biyu kafin ta kama jiki, kuma ba a yi wa wadda ta riga ta kamu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta ajiyuwa, don haka gara gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi a yi rana ɗaya. Hakan ya fi ma amfani, tun da kajin unguwa tare suke kiwo. Abin yana ba ni takaici ƙwarai in ga mace ta shekara tana tattalin kaji ashirin, ta rasa su a mako ɗaya, alhali kuɗin ɗigon da zai tsare su duka bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Manyan zabbi sun fi kaji tsallake wannan annoba. Suna kamuwa, wasu na mutuwa, kuma suna iya ɗauko ta su kawo wa kaji, don haka su ma a ɗiga musu. Amma sau da yawa bayan hunturu ya share akurki, zabbin ne ake gani a kan bishiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da mai fili zai haɗa biyun. Wata ƙa'ida kuma ta shafe su duka: tsuntsun da aka sayo a kasuwa, ko wanda aka kai bai sayu ba aka dawo da shi, a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin sauran. In kuma aka ga mutuwa ta yi yawa farat ɗaya, har da agwagi da talotalo, a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada a yanka a ci, kada a jefar a juji. Murar tsuntsaye tana kama da waccan cutar a ido, ita kuma tana iya kama mutum. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a Jaji ta jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a Magarya ta jihar Damagaram a Nijar, kuma tun daga lokacin takan dawo.

Raunin zabuwa yana makonni shida na farkon rayuwarta. Tsakon zabo ya fi na kaza ƙanƙanta, ya fi shi jin sanyi, kuma ƙaddara ta sa a tsakiyar ruwa yake zuwa duniya. Jiƙewa ɗaya a ciyawa mai raɓa ta isa. Ga tsutsar ciki da zawo, waɗanda damshi ke haɓakawa. Mutane da yawa da suka ce zabbi ba su karɓe su ba, a nan suka sha kashi: an ƙyanƙyashe talatin, an saki uwa da su washegari, an tsira da huɗu. Maganin ba kuɗi ba ne, kulawa ce. A tsare uwa da 'ya'yan a busasshen wuri mai rufi, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, a riƙa sauyawa. Kada a sake su sai rana ta busar da raɓa, a kuma mayar da su da zarar hadari ya haɗu. Ruwan shansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, don suna nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Abincinsu kuma ya fi na 'yan tsakin kaza buƙatar abin gina jiki, tsakin gero kaɗai ba ya riƙe su. Mai hali ya sayi 'yan mudu na abincin 'yan tsaki na kamfani don makonnin farko. Marar hali yana da gara. Ana cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu, guntayen kara da totuwar masara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara a rufe da tsohon buhu, da sassafe a ɗauko a karkaɗe musu. A yi wannan nesa da ɗaki da rumbu, kuma a guji masu manyan kawunan nan da ke cizo. Daga wata biyu zuwa sama, zabo ya zama ɗan gari, da wuya ka ga abin da ya kayar da shi.

'Yan tsakin kaza ma ba tsira suke yi duka ba. A sakin da aka saba yi musu, rabi ko fiye ba sa kai wata biyu, kuma yawanci ba cuta ba ce, masu ɗauka ne. Shirwa da shaho daga sama, hankaka mai satar ƙwai da ƙananan tsaki, muzuru da dare, ɓera da gafiya ta ƙarƙashin akurki, kwarkwasa in damina ta yi nisa, gamsheƙa da ke bin ƙwai da ɓeraye har cikin ɗakin kaji. A nan zabbi na da rana. Idonsu na sama kullum, kuma kafin shirwa ta sauko sun riga sun tayar da ƙara, kaji su ruga ƙarƙashin rumbu. In suka ga maciji sukan kewaye shi suna kuka har mutum ya fito, ƙarami kuma suna iya kashe shi. Ba sa hana maciji shiga gida, kada a dogara da hakan, amma suna sanar da kai. A ɗaya ɓangaren, zabon da ke kwana a bishiya yana hannun Allah: ba ka iya rufe shi daga muzuru ko ɓarawo, ba ka iya kama shi cikin sauƙi ranar rigakafi. Kaza kuwa akurki mai ƙofa, wanda aka ɗaga daga ƙasa aka toshe ramukansa, ya raba ta da yawancin masu zuwa da dare.

Ina roƙon mai kiwo ya bambanta maƙiyi da maƙwabci a cikin namun da ke zagaya gidansa. Mujiyar da ake jifa saboda camfi ɓeraye take ci, waɗanda su ne ke cinye hatsi suna jawo macizai. Bushiya, kwaɗi da ƙadangaru ƙwari suke rage maka a lambu. Guba kuma da ake zubawa a nama don muzuru ko kare ba ta tsayawa kan wanda aka nufa: kajinka na iya tsattsaga, kyanwar gida na iya ci, haka angulu, wadda da ma ta yi ƙaranci a garuruwanmu ƙwarai. Toshe rami da rufe ƙofa sun fi guba aiki.

Ga mai ɗan lambu a bayan ɗaki, inda ake shuka alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa da 'yan tumatir, bambancin a fili yake. Kaza ba ta ganin ƙasa mai laushi da damshi ta ƙyale. Fangalin da ka yafa iri da safe, kafin azahar ta baje shi. Ba ta zama da lambu sai da shinge, ko darnin kara mai tsawo, ko tsohon gidan sauro da aka kewaye fangalin da shi. Zabuwa ba ta cika tono ba. Tana ratsa shuka tana tsintar fara, tsutsa da ƙwaro, kuma a cikin masara ko kuɓewar da ta riga ta tasa amfaninta ya fi ɓarnarta. Amma ba waliyyiya ba ce. Tana cin irin da aka shuka, tana tsinke sabon tsiro, tana huda nunannen tumatir, tana birgima a busasshen fangali, kuma shingen da ya tare kaza ita tsallake shi take. Ɓarnar kaza a gidanka take tsayawa. Ta zabuwa tana iya kaiwa gonar wani ranar shuka, ko shanyar wake da gyaɗar wani da kaka, magana ta kai gaban mai unguwa. Kafin ka sayi zabbi, ka dubi gonakin da ke kewaye da kai da kuma yadda kuke da masu su.

Taki kuma na kaza ne. Tun da a wuri ɗaya take kwana, sharar akurki kaɗai tana tara abin da zai riƙe ɗan lambu, kuma manoman rani buhu-buhu suke sayen irinsa. Ɗanyensa yana ƙona shuka, sai an tara shi da busasshen ganye da ƙaiƙayi, ana ɗan yayyafa ruwa, ya yi wata biyu ko uku ya ruɓe. Kada a haɗa shi da toka a tsibi ɗaya, tana kore ƙarfinsa ya bi iska. Tokar a ajiye ta a wani lungu mai inuwa inda kaji za su yi birgima, tana rage musu ƙwarƙwata. Kashin zabbi kuwa rabi a daji yake zuba, rabi a gindin bishiyar kwanansu.

A ciyarwa ba su da nisa da juna. Dusa, ƙanzo, ragowar tuwo, ganyen zogale, dakakken ɓawon ƙwai, da ɗan hatsi. Da damina zabuwa kusan ita ke ciyar da kanta. Da rani, in daji ya bushe, dukansu sai an taimaka. Watsa musu hatsi da yamma a wuri ɗaya, da kira iri ɗaya, shi ne igiyar da ke dawo da zabbi gida. Sai dai zabo namiji mafaɗaci ne, yana korar kaji har da zakara daga wurin ci, don haka a watsa a wuri biyu. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ce bari a ba kaji, yana kashe ƙanana.

Kasuwa tana son su duka, amma ba iri ɗaya ba. Zabo ya fi kazar da ta kai nauyinsa tsada. Namansa ya fi duhu, ba kitse, yana da ɗanɗanon naman daji, kuma shi ake kai wa manya gaisuwa. 'Yan kasuwa na tara su a manyan kasuwannin mako irin Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a da Mai'aduwa ranar Lahadi, a loda zuwa birane da kudu, musamman gab da Sallah da Kirsimeti. A arewacin Ghana, wajen Tamale da Bolgatanga, gasasshen zabo sana'a ce babba. Kuɗin zabbi dunƙule yake zuwa: na ƙwai da damina, na nama daga ƙarshen shekara. Na kaza kuwa kaɗan-kaɗan ne amma ba ya yankewa. Baƙo ya sauka da dare, mai jego na son romo, yaro na zazzaɓi ana neman kuɗin magani, an zo karɓar kuɗin Laraba na makarantar allo, duk kaza ake kamawa, kuma hannu kawai za a miƙa cikin akurki. Kama zabo da rana kuwa sai an tara yaran unguwa.

Wannan ya kawo mu ga wanda zai riƙe kiwon. Uwargida, in ke ce mai shi kuma ba kya fita, kaza ce taki. Tana gabanki yini guda, kin san wadda ta yi ƙwai da wadda ta yi sanyi, kuma kuɗinta a hannunki zai faɗo. Zabbi suna buƙatar mai bin su waje: mai neman gurbi, mai korowa da yamma, mai zuwa ba da haƙuri in sun yi ɓarna, mai gane naku in sun gauraya da na maƙwabta. Shi ya sa a ƙauyuka da rugage sau da yawa za ka tarar zabbin na maigida ne ko na samari. In babu irin wannan mutum a gidan, ko yaran duk suna makaranta har la'asar, zabbin za su zama na kowa.

Wani zai ce, me ya hana a ɗauki kajin zamani masu jure saki, irin Noiler da ake ƙyanƙyasa a jihar Oyo, ko Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya? Suna da kyau ga mai ɗan jari. Sun fi girma da sauri, sun ninka kazar Hausa ƙwai. Amma ba su cika kwanci ba, sai ka riƙa sayen sababbin tsaki. Suna son ƙarin abinci na gaske kafin su nuna abin da aka san su da shi. Kuma nauyin jiki ya sa ba su iya tsere wa kare ko muzuru kamar tamu. Ba za su ƙyanƙyashe maka ƙwan zabbi ba. Wannan wani kiwo ne daban, mai lissafin buhu.

To, ga yadda nake ganin a yi. Mai gidan cikin gari, ko mai lambun da ba shi da ƙarfin shingewa sama da ƙasa, ko wadda ba ta da mai fita mata, ta tsaya kan kaji: sagaru huɗu ko biyar da zakara ɗaya, akurki mai rufuwa, ɗigon ido sau uku a shekara, da tsare 'yan tsaki a wata na farko. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, a riƙa sauya shi da na wani gida bayan shekara ɗaya ko biyu. Mai fili da bishiyoyi da yara masu taimako ya haɗa biyun, amma bi da bi. Ya fara da kajin, ya saye su a gidan da ya sani maimakon kasuwa, ya tsallake hunturu ɗaya da su, ya lura da wadda ta fi zama kan ƙwai da kare 'ya'ya. In damina ta kankama, wajen Yuni ko Yuli, ya nemi ƙwan zabbi ya sa wa biyu daga cikinsu. Ƙwan ya zama daga garken da ke da maza, wanda bai wuce mako da yi ba, ba a wanke shi ba, bai sha rana da girgizar mota ba. Na tasha da na kasuwa na ci ne. Bayan kwana goma a haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, wanda ya fito fayau a cire. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a Yuli sun isa sayarwa a Disamba ko Janairu, matan da aka bari kuma su fara ƙwai a damina mai zuwa.

Wanda ya ƙagu ya ce manya zai saya, ya san abu biyu. Sabon zabo in aka sake shi ranar da aka kawo shi, ya tafi ke nan. Sai an kulle shi wata guda ko fiye, a rage gashin fiffike ɗaya, sannan a fara sakin rabi ana barin rabi a ciki don su riƙa kiran juna. Na biyu, bambanta mace da namiji a ido yana da wuya, kuma mutane da yawa sun shekara suna ciyar da maza zalla suna jiran ƙwai. Namiji ya fi girman zanko da naman da ke reto a gefen baki, amma abin da ba ya kuskure shi ne kuka: mace ce kaɗai ke yin kukan nan mai gaɓa biyu da take ta maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya yake yi mai kaifi. Ka tsaya a gidan mai sayarwa ka saurara kafin ka nuna wadda kake so. Tun da a daji zabbi bibbiyu suke haɗuwa, in ƙwan ƙyanƙyasa kake nema kada ka wuce mata biyu ko uku ga kowane namiji.